Furanni sun buɗe, hanya ta rufe: Yadda gudu ya sauya ma'ana a karkarar Talata Mafara, Bakura da Maradun

Da sanyin safiyar watan Agusta, bayan ruwan dare ya ɗauke, hanyoyin da suka ratsa tsakanin gonaki a karkarar Ruwan Gizo sukan yi irin kyan da mutane ke kashe kuɗi su je kallo a wasu ƙasashe. Ƙasa ta yi laushi, ƙura ta kwanta, gero ya fi tsayin mutum. Tafasa ta jera a gefen hanya da furanninta masu ruwan ɗorawa, duman rafi ya malala a bakin kududdufi, can tsakiyar ruwa kuma bado ya buɗe fari fat.

Wuri ne da ya dace da mai son motsa jiki: ya fita ta wannan ƙofar gari, ya zagaya ta bayan gonaki da sassarfa, ya shigo ta waccan kafin rana ta yi zafi.

Sai dai a yau, duk saurayin da ya ɗaura takalmin kambas ya bi wannan hanya da gudu, abin da zai fara gani shi ne manomi ya miƙe daga duƙe, fartanya a hannu, idonsa ba a kan mai gudun ba, a kan abin da ke bayansa.

"Lahiya, ɗan nan? Mi yak koro ka?"

"Lahiya lau, Baba. Motsa jiki nake yi."

Ko da wannan amsa, dattijon ba zai koma aiki ba sai ya ƙara duban hanya. A yankin da ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga, gudu ya daina zama wasa. Ya zama labari, kuma ba labari mai daɗi ba.

Zagayen da ba shi da allo

Ruwan Gizo ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Talata Mafara, wadda ke maƙwabtaka da Bakura da Maradun a yammacin jihar Zamfara. Babu wata hanya a nan da aka kafa wa allo aka ce ta masu motsa jiki ce. Amma hanyoyin suna nan, iri biyu.

Na farko su ne tsofaffin hanyoyin ƙafa da burtali, waɗanda ƙafar manoma da kofaton shanu suka fitar tun kaka da kakanni. Kusan kowane ƙauye yana da hanyar da ta zagaye shi, ta bi ta fadama, ta wuce maƙabarta da filin ƙwallo, ta dawo bakin kasuwa.

Na biyu su ne hanyoyin aikin noman rani na Bakolori, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin uku. An fara gina madatsar ruwan Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tafkin da ya taru a bayanta yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma tsara ya shayar da kusan hekta 23,000.

Injiniyoyin da suka zana aikin ba su yi tunanin masu gudu ba, amma sun bar musu abin da suke so. Babbar magudanar ruwa tana rarrabuwa zuwa ƙanana, kuma a gefensu akwai hanyoyin ƙasa da aka yi domin motocin aiki. Hanyoyin shimfiɗaɗɗu ne, babu hawa babu gangara, suna haɗuwa da juna kamar gidajen dara. Mutum zai iya ƙulla zagayen kilomita uku ko biyar, ya dawo inda ya tashi ba tare da ya taka kwalta ko ya maimaita hanya ba. Ga ruwa a gefe guda, ga shinkafa ko masara a ɗaya gefen, ga balbela na tashi a gabansa.

Masu horar da 'yan gudu sun daɗe suna fifita irin wannan hanya a kan titi, domin ƙasa ta fi sauƙi ga gwiwa da idon sawu, kuma babu hayaƙin mota.

Kalandar furanni

A Turai da Amurka, lokacin furannin daji shi ne bayan sanyi ya wuce, wajen Afrilu da Mayu. A Ingila mutane kan yi tururuwa zuwa dazuzzuka domin ganin wasu furanni shuɗɗa da ke rufe ƙasa, a yankin Namakwaland na Afirka ta Kudu kuma hamada ce ke komawa lambu a Agusta da Satumba.

Ƙasar Hausa ba ta da lokaci guda irin wannan. Furanninta a rarrabe suke cikin shekara, kowane da ranarsa, kuma wanda ke bin hanya ɗaya kullum shi ke ganin yadda suke karɓar juna.

A tsakiyar hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus, gurjiya ce ke fitar da jajayen furanni a kan rassan da babu ganye ko ɗaya, a wuraren da gatari ya bar ta. Kariya ma haka take, fure ba ganye. Wajen Fabrairu da Maris ɗorawa na rataye nata jajayen dunƙule-dunƙulen, darbejiya kuma ta cika gari da ƙamshi da daddare. Da bazara ta tsananta, marga sai ta zubo da furanni rawaya kamar an rataya mata sarƙoƙi.

Ruwan farko na sauka, abin sai ya koma ƙasa. Albasar kwaɗi na ɓullowa a fadama cikin 'yan kwanaki, da manyan furanni farare masu ratsin ja. Kuka na sauke fararen furanninta, waɗanda ke buɗewa da magariba, jemagu su ziyarce su cikin dare, washegari su fara yaushi. Mai fita da asuba ne kawai ke riskar su da kyansu.

Haka ma bado. Da dare yake buɗewa, ya rufe idan hantsi ya dubi ludayi. Wanda ya makara, ganye kawai zai tarar a kan ruwa.

Daga Agusta zuwa Oktoba kuwa, ido ba ya iya ƙirgawa: tafasa da rai-ɗore, gasaya, karkashi, rama da yakuwa a gefen gona, bagaruwa da 'yan dunƙulenta masu ƙamshi. Idan damina ta juya baya, sai gawo ya karɓa. Shi ne itacen da ke kaɗe ganye lokacin da kowa ke tsirowa, ya yi kore ya yi fure lokacin da kowa ke bushewa. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa shuka inuwa da damina, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Furen da manomi ba ya son gani

Mutumin karkara ba ya kallon fure don kyau kawai. Tambayarsa ita ce: ana ci, ana magani, ko yana kashe shuka?

Ganyen tafasa da na gasaya kwaɗo ne, kuma sun raya gidaje da yawa a watannin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Karkashi miya ne. Ana cin 'ya'yan bado da saiwarsa. Bagaruwa ita ce jarin majema. Duman rafi kuwa, duk kyan furensa, makiyayi ya san ba ya barin dabbarsa ta ci ta ƙoshi, domin yana sa ta rawar jiki da tangaɗi.

Akwai kuma wanda ya fi su duka ɗaukar ido. A Satumba, gonar dawa ko gero kan cika da wani fure mai launi tsakanin ja da shunayya, wanda baƙo zai tsaya ya ɗauki hotonsa da waya. Ƙuduji ke nan, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Yana manne wa saiwar hatsi a ƙarƙashin ƙasa yana tsotse ruwa da abincinta, kuma kafin ya leƙo waje ya riga ya yi ɓarnarsa. Tushe ɗaya na zubar da dubun-dubatar ƙwayoyin iri, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran shuka. Ya fi yawa a gonar da ta gaji, wadda ba ta samun taki.

Gona mai furen ƙuduji, hoton talauci ce. Wannan na daga cikin abin da hanya ke koya wa mai bin ta a ƙafa, wanda mai wucewa a kan babur ba ya lura da shi.

Lokacin da daji ya rufe

Abin takaicin shi ne, watannin da karkara ta fi kyau su ne watannin da ta fi haɗari. Idan gero da dawa suka yi tsayi, gamba ta rufe gefen hanya, mutum ba ya ganin abin da ke gabansa da taku ashirin. Duhun da ke ba mai gudu inuwa shi ne ke ba ɗan bindiga mafaka. Ruwan da ke fito da furanni kuma shi ne ke lalata hanyoyin da motocin jami'an tsaro za su bi.

Ƙananan hukumomin nan uku ba baƙi ba ne a siyasar jihar. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, kowacce ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Amma a 2021, cikin 'yan watanni, sunayensu suka zagaya duniya ta wata fuskar.

A ranar 26 ga Fabrairu aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe a Talata Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai fiye da 70 daga makarantar Kaya a Maradun. Cikin wannan watan ne aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako.

Waɗannan su ne suka shiga jaridu. Abin da bai cika shiga ba shi ne yadda rayuwar yau da kullum ta tsuke. A ƙauyuka da dama na Zamfara an bar gonakin nesa, ana noma na kusa da gari. A wasu wuraren sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Mata da 'yan mata, waɗanda su ne ke shiga daji tsinkar tafasa da karkashi da neman itace, su ne suka fi jin tsoron nisa.

A farkon 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara domin taimaka wa sojoji da 'yan sanda. Duk da haka, wanda ya san yankin ya san cewa kafin a fita bayan gari da sassafe, sai an tambaya an ji yadda aka kwana.

Hausawa na cewa in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. A nan sa-gudu ya zo, kuma ya ƙwace kalmar. Akwai gudun ceton rai, akwai gudun hijira. Gudun nishaɗi ne ya rasa wurin zama.

Abin da jiki ke asara

Wani zai ce, mutanen da ke binne 'yan uwansu, ina ruwansu da sassarfa da furanni? Tambaya ce mai nauyi. Manomin da ya wuni a duƙe ba ya buƙatar wani ya koya masa motsa jiki.

Amma ba kowa ne manomi ba. Akwai malamin makaranta, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga safe zuwa isha'i, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Akwai wanda ya baro ƙauyensa ya dawo gari yana zaman jira, ba gona ba aiki. Babur ya maye gurbin ƙafa da keke, ko zuwa masallacin unguwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, kamar gudu. A ƙididdigar da ta fitar a 2024, kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba sa cika wannan ma'auni. A Najeriya kuwa, hawan jini da ciwon suga sun daina zama cutar masu kuɗi ko ta 'yan birni. Likitoci sun kuma tabbatar da cewa motsa jiki na rage damuwa da rashin barci, abubuwa biyu da suka yi yawa a duk inda ake kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Matasan da ke da sha'awar, kamar 'yan ƙwallo da masu shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda, yanzu filin makaranta suke zagayawa, ko su bi gefen babban titin Gusau zuwa Sakkwato, suna rabon hanya da tireloli.

Akwai wata asarar da ba ta jiki ba. Yaron da ya tashi ba ya nisa da gari ba zai bambance gasaya da rai-ɗore ba, ba zai san wace saiwa ce magani wace ce guba ba. Wannan ilimi ba a aji ake koyar da shi ba. A kan hanya ake ɗaukarsa, a bayan kaka ko yaya.

Hanya ba ta zuwa a banza

Inda ake ganin hanyoyin karkara a buɗe ga kowa, ba haka kawai suka samu ba. A Ingila, a 1932, ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da kewaye suka hau tudun Kinder Scout da gangan, alhali masu filaye sun hana, har aka ɗaure wasu daga cikinsu. Sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta ba jama'a 'yancin yawo a irin waɗannan filaye.

Mutanen Bakolori ma sun san tsadar ƙasa. Lokacin da aka gina madatsar, dubban manoma sun rasa gonaki da gidaje, suka yi ta neman diyya, suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Hanyoyin nan na gefen magudanar ruwa, an riga an biya kuɗinsu da jini.

Daga baya aikin ya lalace, injinan feshin ruwa suka tsaya, magudanai suka cika da yashi da ciyawa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, kuma Bakolori na ciki.

Abin da ake buƙata domin gudu kuwa bai kai haka tsada ba. Garin Iten na ƙasar Kenya, wanda ya fitar da zakarun gudun famfalaki na duniya, jarinsa jajayen hanyoyin ƙasa ne da ke ratsa gonaki. Gudun safiyar Asabar na kilomita biyar da ake kira parkrun, mutum 13 ne suka fara shi a wani lambu a Landan a 2004, yau ana yin sa a ƙasashe fiye da ashirin kyauta. A nan gida, ƙauyen Okpekpe na jihar Edo ya fara tseren kilomita goma a 2013, kuma yanzu 'yan gudu daga ƙasashen waje ke zuwa. Duk abin da waɗannan wurare suke da shi, karkarar Mafara na da irinsa, in ban da abu guda.

Ga wanda zai fita

A garuruwan da lamarin ya yi sauƙi, masu fita motsa jiki na da ƙa'idojin da ba a rubuta ba.

Ba a fita kafin gari ya waye sosai, kuma ba a fita ba tare da an ji ta bakin masu gadin gari ba. Ba a fita mutum ɗaya. A zaɓi gajeren zagayen da ba ya ɓace wa ganin gari, a maimaita shi, ya fi dogo guda da ya shiga duhun dawa. A sanar da mutanen gida inda aka nufa da lokacin dawowa. A guji tufafi masu kama da kakin jami'an tsaro.

A yi sallama ga duk wanda aka tarar a gona tun daga nesa, a sassauta gudu, domin kada a tayar masa da hankali.

A tsaya a tsakiyar hanya. Kububuwa da kasa sun fi sara a lokacin shuka da girbi, ƙarangiya da tsidau kuma ba sa raga wa mai silifas. Kada a shiga magudanar ruwa don wanke ƙafa ko sanyaya jiki, saboda tsargiya na yaɗuwa a irin wannan ruwa. Da bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40, a gama kafin ƙarfe takwas, a sha ruwa sosai. Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da hawan jini, ya fara da tafiya da sauri, ya kuma nemi shawarar likita.

Idan kuwa an ce yau ba lafiya, to a zauna gida. Furen bana, baɗi ma zai fito.

Ma'aunin da ba ya cikin rahoto

Hukumomi na auna tsaro da alƙaluma: an kashe kaza, an ceto kaza, an ƙwato shanu kaza. Mutanen karkara na da nasu ma'aunin. Shin an noma gonar nesa bana? Shin mata sun je tsinkar ganye sun dawo? Shin an kwana a gida ko a daji?

Ana iya ƙara wani a kai. Ranar da saurayi zai fito daga Ruwan Gizo da asuba, ya bi ta bayan gonaki da gudu, ya tarar da bado bai rufe ba, ya wuce dattijo a duƙe ya ce masa, "Sannu da aiki, Baba," dattijon ya amsa, "Yauwa, ɗan nan, a sauka lahiya," ba tare da ya ɗago ya dubi bayansa ba, ranar ce za a san zaman lafiya ya dawo.

Kafin nan, tafasa na ci gaba da fure a gefen hanya, ko da mai kallo ko babu.